Darasi a kan Marayu: Yaran da Matafiyi ke Tararwa a Ƙofar Kaura

Mu mutanen karkara ba mu cika shiga birnin Katsina haka kawai ba. Ko dai neman taki ya kai mu, ko mara lafiya, ko wata takarda a ofis. Wanda ya biyo hanyar Kano ta Kankiya da Charanchi, Ƙofar Kaura ce takan fara karɓarsa. Tana cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin, tare da su Ƙofar Guga, da Ƙofar Sauri, da Ƙofar Marusa, da Ƙofar Durɓi. Sunan sarautar Kaura take ɗauke da shi, wato shugaban mayaƙan Katsina na zamanin dā. Yanzu gari ya wuce ta da nisa, wurin ya zama mahaɗar motoci da babura da masu ƙananan sana'o'i. Da direba ya taka birki sai ka ga yara a bakin taga, wani da roba a hannu, wata da goyon ƙanenta, ita kanta kuwa ba ta wuce shekara takwas ba. Sau da yawa wani a cikin motar yakan ce, "Allah sarki, marayu ne." Sai a miƙa 'yan canji, mota ta wuce.

Darasinmu na wannan wata a kan waɗannan yara ne, da kuma 'yan'uwansu waɗanda ba su riga sun iso titi ba, suna nan cikin ƙauyukanmu. Ina roƙo a karanta shi a taron zumuntar mata, da na matasa, da na ƙungiyar manoma. Inda aka ga abin gardama a tsaya a yi ta.

Wane ne maraya?

A bakin Bahaushe, maraya shi ne yaron da ya rasa uba ko uwa tun yana ƙarami. Malaman 'yan'uwanmu Musulmi sun fi ɗora kalmar a kan wanda mahaifinsa ya rasu kafin ya balaga. Hukumar UNICEF ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana lissafa duk yaron da bai kai shekara 18 ba, wanda ya rasa ɗaya daga cikin iyayensa ko duka biyun. Da wannan ma'auni ta ce a shekarar 2015 akwai marayu kusan miliyan 140 a duniya, miliyan 52 daga cikinsu a Afirka. Amma waɗanda suka rasa uwa da uba duka, miliyan 15 ne da 'yan kai. Ku yi lissafin da kanku. Cikin marayu goma, wajen tara suna da uwa ko uba da rai. Ko wanda ya rasa duka biyun ma, da wuya a ƙasar Hausa a ce ba shi da kaka, ko kawu, ko baffa, ko goggo.

Saboda haka sa'ad da ka ga yaro a titi, kada ka ɗauka daga sama ya faɗo. Yana da mutane. Abin tambaya shi ne, me ya sami mutanen nan har suka kasa riƙe shi?

Yaran bakin ƙofa kuwa ba iri ɗaya ba ne, ko da yake ƙura ta mai da su kama ɗaya. Da yawa daga cikin mazan almajirai ne. Iyayensu suka danƙa su amana ga malami domin karatun Alƙur'ani, kuma yawancin iyayen nan suna da rai, manoma ne kamarmu. Shi ya sa almajirai sukan yi yawa a birni bayan kaka, su ragu da faɗuwar damina. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta kwashe almajirai a motoci suna mai da kowa jiharsa, Kano ma ta maido wa Katsina ɗaruruwa. Ba a yi aikin da kyau ko'ina ba, amma ya nuna abu guda: yaran sun san garuruwansu, sun san sunan iyayensu. A 2023 gwamnatin tarayya ta kafa hukuma ta musamman domin ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Almajiri yana da bukata ƙwarai, amma kiransa maraya kuskure ne, yakan kuwa ji zafin hakan.

Kashi na biyu su ne suka fi damuna, gama sababbi ne a titi. 'Ya'yan waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyuka ne, daga wajen Batsari, da Jibiya, da Safana, da Ɗanmusa, da Ƙanƙara, da Faskari, wato ƙasar da ke maƙwabtaka da dajin Rugu da iyakar Zamfara. A 2019 abin ya tsananta har dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka ƙetare zuwa jihar Maraɗi a Nijar. Waɗansu suka nufo birnin Katsina, suka raɓe cikin kangaye da gidajen dangi. A irin wannan hari maza aka fi kashewa. Ku tuna da ranar 19 ga Agusta 2025, da aka faɗa wa masu sallar asuba a Unguwar Mantau, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, aka kashe mutum fiye da 30. Kowane magidanci da ya faɗi a irin wannan rana ya bar mata da 'ya'ya. Waɗannan yara marayu ne na gaskiya. Amma in ka ɗaga ido ka duba gefen hanya da kyau, sau da yawa za ka hangi uwar tana zaune a inuwa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Matar da bara take da rumbu da awaki, kunya ba ta barinta ta miƙa hannu, sai ta tura yaro.

Akwai kuma 'yan kaɗan da suka gudo da ƙafarsu: agolan da mijin uwa ya ƙi, ko ɗan riƙon da duka ya ishe shi. Su ne suka fi zama cikin hatsari, domin ba wanda ke ƙirga su da dare.

Abin da tausayi ke fara faɗa mana

Abu na fari shi ne a ba da kuɗi. Ban hana ba. Yunwa ba ta jiran a gama darasi, kuma wanda ya ba mai yunwa abinci bai yi laifi ba. Sai dai na fi son a sayi ƙosai ko tuwo a zaunar da yaron ya ci a gabanka, domin naira a hannun ƙaramin yaro ba kullum take kai wa cikinsa ba, akwai manyan yara masu ƙwacewa. Mu kuma sani, abin da muka yi na yini ɗaya ne.

Abu na biyu shi ne wanda nake so mu daɗe a kansa. Mai tausayi yakan ce a ransa, "Bari in tafi da yaron nan gida in riƙe shi." Wani ma yakan ƙara da cewa zai taya shi kiwo, ko yarinyar za ta taya uwargida aiki. 'Yan'uwa, kada a yi. Yaron da ka sa a mota ba tare da sanin danginsa da hukuma ba, a gaban doka sace shi ka yi, ko da zuciyarka fara ce fat. Uwarsa za ta kwana tana bin tasha tasha tana kuka. Mutanen birni kuwa suna da dalilin tsoro. A watan Oktoba 2019 'yan sandan Kano suka ba da labarin yara tara da aka sace daga Kano aka sayar a Onica, cikin jihar Anambra, aka sāke musu suna. A 2021 kotu ta yanke wa jagoran ɓarayin ɗaurin shekara 104. Tun daga nan duk baƙon da aka gani yana jan hannun yaro a tasha, ana iya yi masa ihu kafin ya buɗe baki.

Ko masu gidajen renon yara ma ba su tsira daga wannan zargi ba. A watan Disamba 2019 hukuma ta kwashe yaran gidan Du Merci a Kano da Kaduna, ta tsare mai gidan. A 2021 kotu ta wanke shi daga zargin satar yara, amma shekaru suka shuɗe waɗansu yaran suna hannun hukuma. Ban kawo wannan domin in yi shari'ar wani ba. Na kawo shi domin mu ga irin nauyin maganar yaro a ƙasarmu, da yadda yaran ne ke shan wahala in rikici ya tashi a kansu.

A nan tilas in faɗi wata magana a fili, tun da mu Kirista ne da ke zaune cikin Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya, muna shan rijiya ɗaya. Yawancin yaran Ƙofar Kaura 'ya'yan Musulmi ne. In za mu taimake su, mu taimake su a matsayin 'ya'yan iyayensu. Kada tuwo ya zama ƙugiya. Mu ma ba za mu so a ce ranar da muka kwanta dama wani ya yi amfani da yunwar 'ya'yanmu ya raba su da abin da muka koya musu ba.

Sai batun hoto. Yanzu kowa da waya a aljihu. Ana tara yara a miƙa musu leda, a ɗauka, a sa a Facebook. Yaron zai girma, hoton kuwa yana nan. Wanda ba zai so a nuna ɗansa da robar bara ba, ya bar na wani.

To, ko mu gina gidan marayu?

Wannan shawara takan taso kusan duk lokacin da dattawan ikilisiya suka zauna kan maganar marayu. Gini abu ne da ido ke gani, ana iya sa masa suna, a gayyaci baƙi ranar buɗewa. Ba sabon abu ba ne a Arewa. A farkon zuwan Turawa, gwamnati ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, domin yaran da aka ƙwato daga hannun fataken bayi. A 1909 mishan na SUM ta buɗe nata a Rumasha, a bakin kogin Binuwai, daga baya aka mai da shi Wukari. Amma ku lura da bambancin. Yaran nan an kwaso su daga nesa tun suna ƙanana, da yawa ba su san garinsu ba, waɗansu har sun manta harshensu. Ba inda za a mai da su. Yaron Ƙofar Kaura kuwa zai faɗa maka sunan ƙauyensu da na mai unguwarsu.

Duniya ta gwada gidajen marayu ta ga ƙarshensu. Da gwamnatin Romaniya ta faɗi a 1989, aka tarar da yara fiye da dubu 100 cikin gidajen gwamnati, da yawa a tsumbure. Daga shekarar 2000 masana suka bi yara 136 a birnin Bukares. Rabi aka ba iyalai riƙo, rabi suka ci gaba da zama a gidajen. Waɗanda suka shiga iyali suka fi girman jiki da buɗewar kai da iya magana, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu. Dalilin ba boyayye ba ne ga kowace uwa. Jariri yana bukatar fuska ɗaya wadda ya sani, wadda za ta zo in ya yi kuka. Ma'aikaciyar da ke lura da yara ashirin, ta tashi aiki da yamma wata ta karɓe ta, ba za ta iya zama wannan fuska ba, komai kirkinta.

Akwai wani abu kuma. A 2009 ƙungiyar Save the Children ta ƙiyasta cewa cikin yara biyar da ke gidajen marayu a duniya, huɗu suna da uwa ko uba da rai. Talauci ne ya kai su. In aka buɗe gida mai abinci sau uku da makaranta kyauta a tsakiyar matalauta, gwauruwa mai 'ya'ya biyar za ta kawo biyu, ba domin ba ta son su ba. A waɗansu ƙasashe da baƙi masu yawon buɗe ido ke zuwa, har sana'a aka mai da abin, ana tara 'ya'yan talakawa a kira su marayu domin baƙi su ba da kuɗi. Ƙasar Ostireliya ta ɗauki wannan a matsayin wani nau'i na fataucin mutane a 2018. Ruwanda kuwa, wadda kisan 1994 ya bar mata marayu ba iyaka, ta fara rufe gidajen marayunta daga 2012, tana mai da yara cikin iyalai.

Gaskiya ne akwai yaron da ba shi da kowa, kamar jaririn da aka tsinta a kwali. Irinsa yana bukatar wurin kwana yau ɗin nan, kuma masu irin waɗannan gidaje da yawa suna aiki da tsoron Allah. Amma ko shi, abin nema masa iyali ne, ta hannun ofishin walwalar jama'a da kotu. Kuɗin da za a kashe kan gini da katanga da albashi saboda yara talatin, in aka bi gida gida da shi, zai riƙe gwauraye da yawa tare da 'ya'yansu.

In ka tsaya a bakin hanya

A ce kana da rabin sa'a kafin mota ta cika. Kada ka tambayi yaro, "Kai maraya ne?" Ya riga ya koyi amsar da ke kawo kuɗi. Ka gaishe shi kamar ɗanka, ka ce, "Yaro, daga wane gari? A wurin wa kake kwana?" In ya ce wurin malam, ka san almajiri ne. In ya nuna maka wata mata a gefe, ka je ka gaishe ta da ladabi: "Baiwar Allah, sannu da haƙuri. Allah ya jiƙan mai gida." In kai namiji ne, gara a sami mace a cikin abokan tafiya ta yi maganar. Mai shayi da mai ƙosai na wurin sun san yaran nan ɗaya ɗaya, sun san wanda ke da uwa da wanda ke kwana a rumfa. In ka iske wanda ba shi da kowa, ko wanda ake cuta, mai unguwa za ka nema, ko ofishin walwalar jama'a, ko 'yan sanda. Kai ba za ka ɗauke shi ba.

Ka duba goyon da ke baya fiye da mai goyon. Ƙananan nan su tamowa ke kashewa. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara aikin tamowa a Katsina a 2021, ta ce yara 652 suka mutu a wuraren da take aiki a jihar cikin wata shida na farkon 2025, da yawa saboda an kawo su a makare. Alamun ba su da wuyar ganewa. Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan ma'aunin dantse mai launi uku. Yaron da ke tsakanin wata shida da shekara biyar, in kaurin dantsensa bai kai santimita 11.5 ba, ya shiga ja. In ba ma'auni, ka danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ka ƙirga uku a hankali, ka ɗaga. In wurin ya lotsa ya zauna, kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba ce, asibiti za a nufa a ranar. A 2025 ana kwantar da irin waɗannan yara a Ƙofar Sauri da asibitin Turai 'Yar'aduwa. Kuɗin keke zuwa can ya fi kowace sadaka da za ka bayar a ranar. Abincin tamowa na cikin leda kuwa magani ne na yaro mara lafiya. In ka gan shi a faranti ana sayarwa, daga bakin wani yaro aka ƙwace shi.

Hanyar Ƙofar Kaura daga ƙauye take farawa

Yanzu mu koma gida, inda ƙarfinmu yake. Matafiyi ba zai iya gyara rayuwar yaron birni cikin rabin sa'a ba, amma a ƙauyensa yana da shekara guda cur. A yawon da nake yi na aikin gona, na lura rushewar gida bayan mutuwar magidanci takan bi hanya ɗaya, ko harbi ya kashe shi ko zazzaɓi. Zaman makoki ya ci rabin rumbu, gama baƙi sai an ciyar da su. Kafin ruwa ya sauka an cinye iri. Aka samu aka yi shuka da ƙyar, sai noman fari ya zo, ba namiji a gida, ciyawa ta danne gero. Aka sayar da akuya, aka ba da gona jingina. Da kaka ba abin girbi. Sai uwar ta koma gidansu ko ta yi aure, a rarraba yaran, babban ya tafi birni. Duka wannan cikin damina ɗaya ne ko biyu. Wanda ya tare ɓarnar a daminar fari, ya tare ta duka.

Littafi Mai Tsarki ya ɗauki maganar nan ta fuskar noma. A Maimaitawar Shari'a sura 24 an ba manomi doka cewa damin da ya manta a gona, da kalar itatuwansa, rabon baƙo ne da maraya da gwauruwa. A sura 14 kuma an ce zakar amfanin gona ta kowace shekara ta uku a tara ta a cikin gari domin su. Ku karanta wuraren biyu a taronku. Abin lura shi ne, rabon maraya daga gona ake fitar da shi, da kaka, kamar hakki, tun bai kai ga roƙo ba. Esta ma marainiya ce, ɗan'uwanta Mordekai ya riƙe ta a gidansa. Maƙwabtanmu Musulmi suna da irin wannan tarihi, gama Annabinsu ya tashi maraya a hannun kakansa, sa'an nan baffansa. A kan wannan magana ba mu da saɓani da su, ana iya zama da liman da mai unguwa a yi aikin tare.

Bari mu yi lissafin hatsi. Babban mutum yakan ci kusan buhu biyu a shekara. Gwauruwa da ƙananan yara huɗu, a ce buhu shida. Buhu tiya 40 ne. In gida 30 suka ba da tiya huɗu huɗu ranar da aka gama sussuka, an sami tiya 120, wato buhu uku, abincin rabin shekara ke nan. Tiya huɗu da kaka ba ta girgiza kowa ba. Sai dai kada a raba hatsin nan da Kirsimati, lokacin da kowane rumbu ke da abu. A ajiye shi da kyau, in wake ne a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a fito da shi daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da hatsi ya yi tsada, aikin gona kuma ya yi nauyi. A ware iri dabam, a hannun ma'aji, kada a ba da shi sai ruwan shuka ya sauka.

Sai gayya. Kakanninmu sun san ta, mu ne muka fara mai da ita ta masu iya dafa abinci da yawa. Matasa goma sha biyar da fartanya za su gama noman fari a gonar gwauruwa kafin azahar. Amma a yi shi a kan kari, cikin mako biyu zuwa uku bayan shuka. Gayyar da aka yi bayan kowa ya gama tasa gonar, ciyawa ta riga ta ci rabonta. Kada kuma a sa mata nauyin tuwon gayya, kowa ya zo da furarsa.

Maganar gonar kanta tana da ƙaiƙayi, na sani. Baffan yara yakan ce zai riƙe musu har su girma. Wani yana riƙewa da amana. Wani kuwa bayan shekara goma sai ka ji gonar ta zama tasa, shaidu sun mutu. Shawarata ita ce, da an share makoki a zauna gaban mai unguwa ko dagaci, da dattawa, da uwar yaran. A rubuta gonakin da mamacin ya bari da iyakokinsu, da wanda zai noma, da abin da zai riƙa ba yaran kowace kaka. A yi kwafi uku. Mai gaskiya ba ya jin haushin takarda.

Fulani suna da wata al'ada mai kyau da suke kira habbanaye. Mai dabba yakan ba wanda ya rasa aron tamace, in ta haihu 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma wurin mai ita. Zumuntar mata za ta iya yin haka da awaki. Jar akuya wata biyar take ɗaukar ciki, sau da yawa kuma tagwaye take haifa. In uwar ta yaye sai ta wuce gida na gaba. Gwauruwar da ke da awaki uku ba ta sayar da gona saboda zazzaɓin yaro. Domin ƙananan yara kuma a koya wa juna garin kunun nan na gero mudu shida, waken suya uku, gyaɗa ɗaya, a soya kowanne dabam a niƙa tare. Da ganyen zogale a miya, ba sai an je kanti ba.

Riƙo al'adarmu ce, ita ce kuwa ta hana ƙasar nan cika da gidajen marayu. Amma ba zan yabe ta ido rufe ba. Mun san gidajen da ɗan riƙo ke bin shanu 'ya'yan gida suna makaranta. Mun san marainiyar da aka tura aikatau birni tana da shekara goma, ko aka aurar da wuri domin a rage baki. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne, tilas ne kuma ga kowane yaro, ba ta ware ɗan riƙo ba. Abin da ke fitar da maraya daga aji yawanci ƙanana ne: riga, da takalmi, da littafin rubutu, da 'yan kuɗin da makaranta ke nema nan da can. Ya kamata a sa mata biyu masu hankali su riƙa leƙa gidan da ake riƙon yaro, kamar masu zumunci, su ga ko yana cin abinci tare da sauran, ko yana zuwa makaranta. In za a kai taimako, a kai wa gidan duka. In aka ware maraya aka ba shi sabuwar riga 'ya'yan gida suna kallo, shi zai biya kuɗinta bayan baƙi sun tafi. Saboda wannan dalili ne ma ba na son a riƙa tsai da marayu a gaban ikilisiya ranar Lahadi ana nuna su.

Kafin taro na gaba, ina so kowace ƙungiya ta zauna ta lissafa gidajen da uba ko uwa ya rasu cikin shekara biyu da suka wuce, na Kirista da na Musulmi, har da baƙin da suka gudo suka sauka a cikinmu. A kan kowane gida a san wanda ke noman gonar bana, da ko akwai iri, da yara nawa ke makaranta, da ko suna da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya. In an ce wani yaro ya tafi birni, a tambayi wurin wa yake, da ranar da aka ji labarinsa na ƙarshe. Takardar ta zauna a hannun ma'aji da shugabar zumunta, kada a karanta ta a bainar jama'a.